Halin nas ne ko yawan gadaje? Tambaya a kan jinyar mahaifiyata

UmmuHanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ishe ni. Mahaifiyarmu ta shekara 11 tana fama da ciwon suga da hawan jini. Watan jiya ɓarin jikinta na dama ya shanye, muka kwana 19 a ɗakin mata na wani babban asibitin gwamnati, ba sai na kama suna ba. Abin da ya kai mu daban, abin da muka dawo da shi daban: gyambo a ƙugu, irin wanda doguwar kwanciya ke jawowa. Sai da fata ta buɗe sannan wata nas ta ce ai da an riƙa juya ta duk bayan awa 2. Ni da ƙanwata muna kan tabarma gefen gadon dare da rana. Da an gaya mana tun ranar farko, wallahi da mun yi.

Na fito cike da haushin nas-nas ɗin. Sai ƙanin maigidana, wanda ke karatun kiwon lafiyar al'umma, ya ce in daina ɗora laifin a kan halinsu, wai an yi bincike an gano yawan marasa lafiyar da ke hannun nas guda shi ke haddasa irin wannan, har da mutuwa. Don Allah masu sani, akwai binciken da gaske, ko kare 'yan uwansa yake yi? Da dare dai nas biyu nake gani a ɗaki mai gado sama da 30.

Hajiya_Binta:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ladan jinyar uwa ba ƙarami ba ne.

Baba_Tanko:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni ban san bincike ba, amma na san abin da idona ya gani lokacin jinyar marigayiya matata. Ka yi sallama a yi kamar ba a ji ba, ka ce ruwan da aka sa mata ya ƙare a harare ka. Faɗin "ku riƙa juya ta" minti nawa zai ci? Wannan ba ƙarancin ma'aikata ba ne, ƙarancin tausayi ne.

Nas_Auwal:
Baba, Allah ya jiƙan Mama. Anti UmmuHanifa, ƙanin maigidanki bai yi ƙarya ba. Binciken da aka fi ambata shi ne na Farfesa Linda Aiken da abokan aikinta, wanda ya fito a mujallar JAMA a 2002. Sun duba asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya ta Amurka, da nas sama da 10,000, da mutum sama da 230,000 da aka yi wa tiyata. Suka tarar duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Tsakanin nas mai riƙe da mutum 4 da mai riƙe da 8, bambancin ya kai kashi 31. Aka sake irinsa a Turai, asibitoci 300 a ƙasashe 9, ya fito a mujallar Lancet a 2014, kuma kashi 7 ɗin aka sake samu. Su can a kan 4 zuwa 8 ake gardama. Lissafa naki ɗakin ki gani.

Dakta_Nura:
Malam Auwal ya kawo alƙaluman daidai, amma a yi hattara da yadda ake karanta su. Kashi 7 ɗin ba yana nufin cikin mutum 100 za a ƙara rasa 7 ba. Ƙari ne a kan haɗarin da dama yake akwai. Idan ana rasa 2 cikin 100, zai koma 2 da ɗan ɗoriya. A asibiti ɗaya ba za a gani ba, a jiha guda kuwa rayuka ne masu yawa. Na biyu, binciken lura ne, ba gwaji ba. Asibitin da ke da isassun nas sau da yawa shi ne mai kuɗi da kayan aiki, kuma duk da masu binciken sun yi ƙoƙarin tace wannan, ba ya taɓa tacewa tas. Na uku, ba za ka ɗauki lissafin 4 zuwa 8 ka ja shi har 16 ko 20 ka ce ga adadin mutuwa a wurinmu ba. Alkiblar na yarda da ita ɗari bisa ɗari, lambar ce ba tamu ba.

Sista_Rabi:
Shekarata 17 ina wannan aiki, 9 daga ciki a ɗakin marasa lafiya na mata. UmmuHanifa, ki yi haƙuri, abin da ya sami Mama bai kamata ya same ta ba, kuma ba zan kare shi ba. Amma bari in gaya miki yadda daren yake ta ɓangarenmu.

Ka karɓi aiki ƙarfe 8 ko 9, ku biyu. Kafin ka gama zagayen karɓar marasa lafiya gado-gado an turo sabuwa daga sashen gaggawa. Allurar ƙarfe 10 tana jira, ta mutum wajen 20, kowacce sai ka duba kati, ka tambayi mai jinya ko an sayo maganin, sau da yawa ba a sayo ba. Wata jijiyarta ta toshe sai an nemi sabuwa, ga wuta ta ɗauke, kana haska hannu da fitilar waya. Wata sugarta ya faɗi tana gumi. Idan ɗayarmu ta raka mara lafiya hoto ko ta tafi karɓo jini, ɗaki gaba ɗaya ya rage hannun mutum ɗaya. A irin wannan dare zuciyarka tana tantancewa ba tare da ka sani ba: wa zai iya mutuwa kafin asuba, wa zai iya jira. Mai shanyewar jiki da ke kwance shiru, 'ya'yanta na gefe, ita ce kullum ke faɗawa cikin masu jira. Ka ce gobe zan zauna da 'ya'yan nan in nuna musu juyi, goben ta zo da nata.

Na sha komawa gida in kasa barci don na tuna abin da ban yi ba.

Nas_Auwal:
Abin da Sista ta bayyana yana da suna a wurin masu bincike, suna kiran sa kulawar da aka tsallake. Wata farfesa a Amurka, Beatrice Kalisch, ta fara rubutu a kai a 2006. A Ingila, Jane Ball da abokanta sun tambayi nas kusan 3,000 a asibitoci 46, sakamakon ya fito a 2014. Kashi 86 suka ce a dutinsu na ƙarshe akwai abin da ya wajaba da suka bari don rashin lokaci. To ku ji abin da aka fi bari. Na farko, zama a yi magana da mara lafiya a kwantar masa da hankali, kashi 66. Na biyu, koyar da mara lafiya da iyalinsa, kashi 52. Allura da magani ba su cika faɗuwa ba, domin su ake rubutawa, su ake tuhumarka a kai. Baba Tanko, ka ga abin da ka kira rashin tausayi da abin da Anti ta rasa, su ne na ɗaya da na biyu a jerin, kuma a Ingila.

Baba_Tanko:
Na ji, ɗana. Amma a ɗaki ɗaya, dare ɗaya, akwai wata yarinya da ke cewa "sannu Baba" ta gyara wa matata matashi, akwai kuma mai harara. Gadajen ɗaya ne. Me ya raba su?

Sista_Rabi:
Gaskiyarka Baba, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai marasa hali a cikinmu, na yi aiki da su, na kai ƙarar wasu wurin metiron. Sai dai ka tambayi shekarar kowacce a aiki. Na ga yara sun shigo da fara'a, bayan shekara 5 na dutin dare ba hutu, ga rakiyar gawa kusan kullum, fuskar ta bushe. Ba uzuri nake ba su ba.

Maryam_Ingila:
Baba, tambayarka ita aka yi a nan Ingila bayan badaƙalar asibitin Stafford, inda aka riƙa barin tsofaffi cikin ƙazanta, ruwan sha ma ya gagare su. Rahoton 2013 na Robert Francis, lauyan da ya jagoranci binciken lamarin, bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Ya nuna shugabannin asibitin sun rage ma'aikata don daidaita kasafi, kuma an wayi gari rashin kulawa ya zama ruwan dare, mai ƙorafi shi ake kallo da laifi. Wato ƙaranci ke buɗe ƙofa, sakacin shugabanni ya bar ta a buɗe. Shi ma binciken 2002 da Malam Auwal ya kawo ya auna nas ɗin kansu: kowane ƙarin majinyaci na ƙara yiwuwar gajiyar zuciya da kashi 23, ƙosawa da aiki kuma da kashi 15.

Ɗan_Bichi:
Anti Maryam, da girmamawa, ku da kuka tafi ai kuna cikin dalilin da ya sa nas biyu ke riƙe da gado 30. Magatakardan Hukumar Nas da Ungozoma ta Najeriya ya faɗa a Fabrairun 2024 cewa nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Da kuɗin talakawa aka koyar da mafi yawansu.

Maryam_Ingila:
Ban ji haushi ba, ƙanena, ni ma abin yana damuna. Amma kafin in tafi shekara 3 na yi ina aikin sa kai a wani asibitin jiha, da lasisina a hannu, ana ce mini ba a buɗe ɗaukar aiki ba. Abin da ake ba ni bai kai kuɗin mota ba. 'Yan ajinmu da yawa har yau suna gida ko suna tsaron kemis. Ɗakin da UmmuHanifa ta kwana ba nas ne babu a garin ba, ba a ɗauke su ba ne.

Nas_Auwal:
Shi ya sa a yajin aikin gargaɗi da ƙungiyarmu ta nas da ungozoma, NANNM, ta fara ranar 30 ga Yuli 2025, ɗaukar sababbin ma'aikata yana cikin buƙatun, ba alawus na duti da na kayan sawa kaɗai ba. Mutane alawus ɗin kawai suka ji.

Injiniya_Kabir:
To me zai hana a kafa doka, a ce nas ɗaya kada ta wuce mutum kaza? An taɓa yi a wani wuri?

Dakta_Nura:
An yi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta zartar da dokar a 1999, ta fara aiki a 2004. A ɗakin marasa lafiya na gama-gari nas ɗaya mutum 5, a sashen kulawa ta musamman mutum 2. Jihar Kwinsland ta Ostireliya ta bi a 2016: mutum 4 da safe da yamma, 7 da dare. Na Kwinsland ya fi ba ni sha'awa domin an auna kafin dokar da bayanta, aka kwatanta da asibitocin da ba ta shafa ba. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mutuwa ta ragu, dawowa asibiti ta ragu, kwanakin kwanciya sun ragu, kuma kuɗin da aka tsimi ya ninka na ɗaukar ƙarin nas fiye da sau biyu. Wannan ya rage mini shakkun da na faɗa a sama. Amma doka ba ta biyan albashi. Idan aka kafa ta a nan ba kasafi, asibiti zai rufe rabin gadaje ne ya ce babu wuri, a koma mutuwa a cikin a-daidaita-sahu.

Abu_Sadik_Kumasi:
Salamu alaikum 'yan uwa, daga zango nake. Duk kun tattaru a kan gadon asibiti. Ni tambayata, shekara 11 da Mama ta yi da hawan jini kafin ta faɗi, wa ke bibiyarta? A nan yankin Ashanti na ƙasar Gana an yi gwaji a ƙananan asibitoci 32, ƙarƙashin Farfesa Gbenga Ogedegbe, ya fito a 2018. Mutum 757 masu hawan jini. Duka aka ba su inshorar lafiya, amma rabi aka haɗa su da nas da aka horar, tana auna su, tana ba da magani bisa tsari, tana yi musu nasiha kan abinci. Bayan shekara guda lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan 20, na masu inshora kaɗai kusan 17. Kawuna nas ce ke riƙe da shi shekara 6, likita sau biyu ya gani.

UmmuHanifa:
Malam Abu Sadik, ka taɓo inda ke mini ciwo. Babu mai bibiyarta. Asibiti duk wata 3, mu fita bayan asuba mu karɓi lamba, a ga likita wajen azahar, minti 5, kuma kowane zuwa sabuwar fuska. Idan ta ji garau sai ta ajiye maganin ta ce kada ya yi mata yawa a jiki. Wata 4 kafin ta faɗi ba ta sha na hawan jinin ba, mu ma ba mu sani ba.

Mai_Kemis_Funtuwa:
Kullum ina ganin wannan. A zo a ce a ba ni amlodipine, maganin hawan jini, na kwana 5, kai na ciwo. In ce Hajiya wannan ba fanadol ba ne, shan sa har abada ne, sai a ce aljihu. Tun da kuɗin magani ya tashi, masu sayen na wata guda sun ragu ƙwarai. Hawan jini kuma ba ya sallama, mutum na jin daɗinsa yana cin sa.

Dakta_Nura:
Abu Sadik ya dawo da mu kan hanya. Asibitocinmu an gina su ne don ciwon da ke zuwa ya wuce, zazzaɓi, haihuwa, karaya. Ciwon da ke zama da mutum har ƙarshen rai yana son wani tsari daban, kuma tun shekarun 1990 wani likita a Amurka, Edward Wagner, ya zayyana shi: rajistar masu ciwon, ƙungiyar ma'aikata maimakon likita shi kaɗai, koya wa mutum kula da kansa, da neman wanda bai dawo ba. Rukunin asibitocin Kaiser Permanente a arewacin Kalifoniya sun bi irin wannan hanya, waɗanda jininsu ya daidaita suka tashi daga kusan kashi 44 a 2001 zuwa 80 a 2009. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba. Rajista ce, da tsarin magani guda mai sauƙi, da dawowa awo wurin ma'aikacin da ba likita ba.

A gida ma an fara. Najeriya na da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya tun 2014, kuma daga 2020 an shigar da maganin hawan jini ƙananan asibitoci a Kano da Ogun, haka ma wasu 60 a Abuja, inda jami'an lafiya na unguwa ke aunawa su ba da magani bisa ka'ida.

Sista_Rabi:
Dakta, ina goyon baya, amma a faɗi gaskiya. Raba aiki sau da yawa yana nufin a sauke wa likita a ɗora wa nas, ita kuma ba a sauke mata komai ba. Wadda ke awon ciki, ita ke rigakafin yara, ita ke karɓar haihuwa, yanzu ga rajistar hawan jini da fom na kowace ƙungiya mai ba da tallafi. Jaki ɗaya ake ta ƙara wa mangala.

Ɗan_Maraɗi:
Nan wajenmu Nijar abin da kuke kira sabon tsari shi muka tashi muka iske. A ƙauye majo, wato babban nas, shi ne komai, lokotoro sai babban gari. Tun 2006 yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su a likitar gwamnati, amma tsoho mai ciwon suga shi da aljihunsa. Babana kowane wata sai mun haɗa jikkuna kafin a samu allurarsa, ga neman inda za a aje ta da sanyi. Majon garinmu mutumin kirki ne, shi ɗaya ne dai.

'YarSikila:
Ku ba ni wuri in ce wani abu, mu masu sikila da asibiti ya zama mana gida na biyu. Nas da ta san ni ta fi mini komai. Tana ganin yadda na shigo ta san ciwon ya kai inda ya kai, ba sai na yi rantsuwa ba. Wadda ba ta san ni ba, ga ta a gajiye, sai ta ce allurar nake so, na saba da ita. Ba abin da ya kai wannan zafi, kana murƙususu ana maka kallon ɗan ƙwaya. Duk lokacin da ƙwararriya ta bar aiki, mu ba lamba ɗaya muka rasa a lissafi ba, mun rasa wadda ta san tarihinmu ne.

Nas_Auwal:
Allah ya ba ki lafiya ƙanwata. Dakta ya ce lambobin Turai ba namu ba ne, haka ne. Mafi kusa da mu da na karanta na Kenya ne, wanda David Gathara da abokansa suka fitar a 2020. Ba tambayar nas suka yi ba, zama suka yi a ɗakunan jarirai na asibitoci 6 a Nairobi suna kallon jarirai 216, suna rubuta abin da aka yi da wanda ba a yi ba. Inda nas ke riƙe da jarirai 12 ko fiye, abin da ake bari ya fi yawa nesa ba kusa ba. Irin wannan nake so ɗalibanmu su yi a ɗakunan manya, maimakon rabon takardar tambayoyi kan "gamsuwa da aiki" da kowa ke maimaitawa. Kuma a ƙirga aikin da masu jinya ke yi. Wanka, juyi, ciyarwa, zubar da fo, sayo magani, duk 'yan uwa ne, ba wanda ya koya musu, ba kuma littafin da ke nuna sun yi.

Hajiya_Binta:
Wannan magana taka ita ce. Tunda an san mu ne hannun, a koya mana mana. Ko mutum ɗaya a ware, duk safiya ta tara masu jinya ta nuna musu.

Baba_Tanko:
Na karanta duka. Na yarda mutum biyu ba za su iya da 30 ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa wadda ta harare ni ranar da matata ke numfashin ƙarshe ba gajiya ce kaɗai ta sa ta ba. Na yafe mata, ban manta ba.

UmmuHanifa:
Allah ya jiƙan ta Baba, ya sa ta huta. Na gode muku duka. Haushin bai tafi gaba ɗaya ba, sai dai yanzu ban san wa zan ba shi ba. Sista Rabi, don Allah taimaka mini da na gabana. Gyambon ya kai faɗin bakin kofin shayi, muna wankewa a gida. Wata maƙwabciya ta ce a barbaɗa garin kafso, wata ta ce man shanu da toka.

Sista_Rabi:
Kada ki sa ko ɗaya, 'yar uwa, ballantana ga mai suga. A wanke da ruwan gishirin asibiti, irin na ƙarin ruwa, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada ta kwanta a kan wurin ko kaɗan: gefen hagu, gefen dama, duk awa 2, har da dare, ku raba kwanan ke da ƙanwarki. Matashi tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙwauri don dugadugai su tashi daga katifa. Zanin gado ya zama busasshe ba tattara, in ta yi fitsari a canza nan take. Wajen juyi ku ɗaga ta da zani ku biyu, kada a ja ta. Kullum ki duba ƙugu, kafaɗa da dugadugai, in kin ga wuri ya yi duhu ko ya yi zafi kada ki murza. Ta samu ƙwai, wake, kifi, kuma a riƙa auna sugan, don in yana sama ciwon ba zai rufe ba. In kin ji wari, ko kin ga ruwa mai launi ko baƙar fata a kai, ko ta yi zazzaɓi, ranar za ku koma asibiti, kada ku jira ranar kati. Mai faɗin bakin kofi ma ya kamata ma'aikacin lafiya ya gan shi da ido cikin makon nan ya duba zurfinsa. Akwai ƙaramin asibiti kusa da ku?

UmmuHanifa:
Akwai, bayan kasuwa, tafiyar minti 10. Ban taɓa tunanin suna duba irin wannan ba. Gobe in sha Allahu zan je da katinta da ledar magungunan gaba ɗaya, in tambaya ko za su riƙa auna mata jinin a can.